Kwana huɗu a Krakow da matarka, har da shiga ramin gishiri: yadda zan tsara shi

Wani bawan Allah ya rubuto yana cewa aurensu zai cika shekara goma, yana son ya ɗauki mai ɗakinsa su biyu kawai su yi kwana huɗu a wani tsohon birni na Turai. Ya ga hotunan mahaƙar gishirin da ke kusa da Krakow a ƙasar Polan, sun shiga ransa, kuma yana so ya ɓoye mata zancen ramin sai ranar zuwa, ta gan shi ba zato. Tambayarsa: yaya zai tsara kwanakin, kuma ramin ya dace da irin wannan fita?

Malam, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Birnin da ka zaɓa ya yi, ramin ma ya yi. Wuri ɗaya ne ban bi ka ba, wato zancen ɓoyewa, kuma da shi zan fara domin shi ne abin da na fi ganin yana ɓata wa ma'aurata rana a shekarun da na yi ina tsara wa mutane tafiye-tafiye.

Hoton da ka gani na babban zaure mai fitilu masu ƙyalli gaskiya ne, amma hoto ba ya nuna hanyar da ake bi a isa wurin. Sunan garin Wieliczka, ana furta shi kamar "Biyelicka", kuma yana da nisan kilomita 14 ko makamancin haka daga tsakiyar Krakow. Da kun shiga, abu na farko shi ne matakalar katako mai kewayawa, taki wajen 380 a jere, har ku sauka mita 64 a ƙarƙashin ƙasa. Idan ka leƙa ta tsakiyar matakalar ba ka hango ƙarshenta, sai dai layin hannuwan mutane a kan makari yana ta juyawa ƙasa. Daga nan a ci gaba da tafiya a ƙafa, sama da kilomita uku, ana ratsa lunguna da zauruka, ana ƙara sauka, har jimillar matakalu ta kai wajen 800, zurfi kuma ya kai mita 135. Abin yana cin awa biyu zuwa uku. Ba a shiga sai da jagora, kuma tare da ayari za ku tafi, mutum talatin da ɗoriya. Ba wurin da za ka ce "mun gaji, bari mu juya" ba ne cikin sauƙi.

Sannan fitowa. Da lifta ake hawowa, kuma sau da yawa irin ta ma'aikatan haƙa ce: kejin ƙarfe mai hawa-hawa, a cusa ku kafaɗa da kafaɗa, a rufe, ya yi sama da gudu cikin duhu-duhu yana ƙara, iska na kaɗa muku fuska. Bai kai minti guda ba. Wasu suna fitowa suna dariya, su ce shi ne abin da ya fi musu daɗi a duk yinin. Wasu kuwa ƙafafunsu na rawa. Na taɓa tsara wa wani mutum irin wannan bazata, ban tambaye shi komai game da matarsa ba, laifina ne. Ashe baiwar Allah ko liftar otal ba ta shiga idan akwai matakala. Ta daure ta gama zagayen saboda kada ta kunyata shi a gaban mutane, amma daga bakin kejin nan har suka koma masauki ba ta ce masa uffan ba, kuma abincin daren da ya kama musu wuri tun wata guda bai ciwu ba. Tun daga ranar ba na sa wa kowa rami a jadawali sai na ji daga bakin mutum biyun.

Saboda haka ka tambaye ta. Kana iya ɓoye otal ɗin, ka ɓoye wurin cin abinci, ka ɓoye kyautar da ka tanada. Ramin kuwa ka nuna mata bidiyon matakalar da na liftar, ka ji ta bakinta. Idan tana da ciwon gwiwa ko na baya, ko juna biyu da ya yi nauyi, ko ciwon zuciya, ko kuma ƙirjinta na cushewa a matsattsen wuri, to ku yi shawara tun a gida, da likita idan ta kama. Mahaƙar tana da tsari na musamman ga masu wahalar tafiya, amma sai an nema tun da wuri. Abin da zai kwantar mata da hankali shi ne yawancin lungunan suna da faɗi da haske, mutum yana tafiya a miƙe, kuma iskar wurin tana da tsabta har akwai sashen jinyar masu ciwon numfashi a can ƙasa.

To idan ta amince, me za ku gani da ya kai wannan wahala?

Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a wurin, ba a daina haƙar kasuwanci ba sai 1996. Shekara ɗari bakwai ke nan mutane na sassaƙar cikin ƙasa, har ramin ya kai hawa tara da zurfin mita 327, abin da baƙi ke zagayawa kuwa ɗan ƙaramin yanki ne ƙwarai. A zamanin Sarki Kazimir Mai Girma, a ƙarni na 14, gishirin nan yana kawo kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ke shiga baitulmalin masarauta. Wato fadar da za ku gani a kan tudu a Krakow da manyan gine-ginen dandali, da yawansu gumin mutanen ƙarƙashin ƙasa ne ya tsayar da su. Shi ya sa nake son mutum ya fara ganin birnin kafin ramin, sai abin ya haɗu masa a kai. A 1978, lokacin da UNESCO ta fitar da jerin farko na wuraren tarihin duniya, wurare 12 ne kacal, kuma tsohon birnin Krakow da wannan mahaƙa duk suna ciki.

Abin da ke fara ba mutane mamaki shi ne gishirin ba fari ba ne. Toka-toka ne, kamar dutse, inda ƙafafu suka goge shi har yana sheƙi. Sai jagora ya ɗora tocila a jikin bango ka ga haske ya ratsa ciki. Zai ce duk mai shakka ya lasa, kuma kullum sai an sami mai lasa. Za ku ga manyan gungumen katako da aka tokare rufi da su, gishiri ya ratsa su ya hana su ruɓewa shekaru aru-aru. Za a nuna muku yadda dawakai suka yi aiki a ƙasa, ta ƙarshensu ba a fito da ita ba sai 2002. Akwai kuma labarin da ni ya fi tsaya mini: mutanen da aikinsu shi ne su rarrafa da jiƙaƙƙun tufafi, riƙe da doguwar sanda mai wuta a baki, su ƙone iskar gas da ta taru a rufi kafin sauran ma'aikata su shigo. Kowace safiya mutum ya fita aiki bai san ko zai dawo ba. Wannan ne dalilin da ya sa suka cika ramin da wuraren ibada, kuma har yau gaisuwar wurin ita ce "Szczęść Boże", ma'ana Allah ya ba da sa'a.

Zauren da ka gani a hoto shi ne majami'ar Kinga, a zurfin mita 101, tsawonta wajen mita 54, tsayinta 12. Daɓen ƙasa, bango, zane-zanen da aka sassaƙa, har ƙwayoyin da ke rataye a jikin fitilu, duk gishiri ne. Ma'aikatan haƙa ne suka sassaƙa ta, ba wasu shahararrun masu zane ba: 'yan'uwa biyu, Józef da Tomasz Markowski, sannan Antoni Wyrodek, aikin da aka fara a ƙarshen ƙarni na 19 ya ɗauki shekaru da dama. Kiristoci na yin ibada a ciki har yanzu, ana ma ɗaura aure. Kowane addini mutum yake bi, idan ya tsaya a saman matakalar da ke sauka cikin zauren nan sai ya yi shiru.

Ga kuma abin da zai yi maka amfani a matsayinka na mai fita da iyali. Kinga 'yar Sarkin Hangari ce, Bela na Huɗu, aka aurar da ita ga Yarima Boleslaw na Krakow. Tatsuniyar mutanen wurin ta ce ta roƙi mahaifinta ya ba ta gishiri a matsayin abin da za ta tafi da shi gidan miji, ya ba ta mahaƙa guda a ƙasarsu, ta cire zoben baikonta ta jefa a ciki. Da ta iso Polan ta sa aka haƙa rami, aka ci karo da dunƙulen gishiri, aka fasa, sai ga zoben. An sassaƙa wannan labari a ɗaya daga zaurukan, ma'aikaci ya durƙusa yana miƙa mata zobe. Idan akwai zobe ko sarƙa a cikin shirinka, ka ga inda zancen zai ɗauko asali. Amma kada ka ba ta a can. Mutum talatin na bayanku, wani ayarin na jira, jagora na duba agogo. Ka bari ta ji labarin da safe, kyautar ta fito da dare.

Akwai hanya ta biyu da ake kira hanyar ma'aikata, wadda ke farawa daga wata rijiyar dabam mai suna Regis. A nan ana ba ku kayan aiki, hular kwano da fitila, ku bi wurare masu duhu, ku gwada ayyukan haƙa da hannunku. Ba ta bi ta majami'ar Kinga. Ga ma'auratan da dukansu ke son kasada, ta fi armashi kuma ayarin ya fi ƙanƙanta. Ga wanda ya zo karo na farko don ganin abin da ke hoto, hanyar baƙi ta yau da kullum ita ce taku.

Yanzu tsarin kwanaki. Ramin ya zauna a rana ta uku, da safe, shi kaɗai.

Ranar isowa kada ka sa komai. Daga filin jirgin sama na Balice akwai jirgin ƙasa da ke kai ku babbar tashar birnin cikin kamar minti 20, daga tashar kuma tsohon gari tafiyar ƙafa ce. Ku ajiye kaya, ku huta, da yamma ku fita babban dandali, Rynek Główny. Fili ne mai kusan mita 200 kowane ɓangare, an shata shi tun 1257, da tsohuwar kasuwar tufafi a tsakiyarsa. Ku nemi wuri ku zauna har agogo ya buga. Kowace awa, dare da rana, wani mutum yana busa ƙaho daga hasumiyar majami'ar Maryamu, sau huɗu, ta tagogi huɗu, kuma kullum busar tana yankewa a tsakiya kamar an toshe masa baki. Mutanen gari suna cewa tunawa ce da mai gadin da kibiya ta soke a maƙogwaro yana gargaɗin zuwan mahara. Wannan ya ishe ku daren farko.

Rana ta biyu ta birni ce: fadar Wawel a kan tudu tana kallon kogin Wisla, sannan ku sauko ku bi Planty, lambun da ya kewaye tsohon gari a inda ganuwa take a da, zagayensa wajen kilomita huɗu, da kujeru a ƙarƙashin itatuwa. Idan tana son zane, a gidan tarihi na Czartoryski akwai hoton matar nan mai riƙe da farar dabba da Leonardo da Vinci ya zana. Wuri ɗaya mai tikiti da safe, ɗaya da rana idan da ƙarfi, shi ke nan. Mazan da ke zuwa wurina sukan so a cika musu takarda don kuɗinsu ya fita, matan kuma idan aka tambaye su daga baya me suka fi tunawa, sai su ce wata kujera a lambu da suka zauna awa guda.

Rana ta uku ku karya kumallo sosai, ku hau jirgin ƙasa daga babbar tasha zuwa tashar Wieliczka Rynek-Kopalnia, bai kai rabin awa ba, daga nan 'yar tafiya ce zuwa bakin ramin. Bas mai lamba 304 ma yana zuwa, sai dai garin yana wajen iyakar birni, don haka tikitin cikin gari zalla ba zai wadatar ba, kuma dole ku soka shi a na'urar da ke cikin motar ta buga masa hatimi, in ba haka ba tara ce. Tikitin ramin ka saye shi a shafin intanet na mahaƙar kanta, da ranarsa da lokacinsa da harshen da za a yi muku bayani, makonni kafin tafiya idan lokacin zafi ne ko hutun ƙarshen shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi ayarin farko-farko na safe, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu. Masu tallar "mu ɗauke ku daga otal" ba ƙarya suke ba, amma abin da suke sayar maka a tsada shi ne mota, motar kuma ba ka buƙatarta.

A ƙasa yanayi ɗaya ne duk shekara, digiri 17 zuwa 18. Da rani za ta so 'yar rigar sanyi, da hunturu kuwa babbar rigar da kuka shigo da ita za ta dame ku. Takalmi shi ne babban zance: mara tsini, mai kama ƙasa, wanda ƙafa ta saba da shi. Idan doguwar riga za ta sa, kada ta zama mai jan ƙasa, saboda matakala. Ba a shiga da manyan jakunkuna. Ku zaga bayi kafin a fara, domin na farko a ƙasa sai an yi tafiyar wajen minti 40. Kuma kada ku rikice idan lifta ta fito da ku a wani wuri dabam da inda kuka shiga, yakan faru, 'yan mintuna ne tsakaninsu.

Ku koma otal ku yi barcin rana. Da gaske nake. Cinyoyinku za su gaya muku dalili.

Wani abu da zan hana ka kai tsaye: za ka ga ana tallar haɗa ramin gishiri da sansanin Auschwitz a yini ɗaya. Sansanin yana wajen kilomita 70 yamma da Krakow, wurin da 'yan Nazi suka hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya. Wuri ne da ya cancanci a je, amma taura biyu ba ta taunuwa. Awa goma sha ɗaya ko fiye a ƙafa da mota, kuma wanda ya fito daga can ba ya da zuciyar yin hoto a gaban fitilun gishiri, balle hirar soyayya da dare. Idan ku biyun kuna son zuwa, ku ba shi ranarsa, ku san kuma cewa ranar ba ta biki ba ce. A tafiyar kwana huɗu ta cikar aure, ni zan bar shi sai wani zuwan.

Daren rana ta uku shi ne naka. Ku gangara unguwar Kazimierz, tsohuwar unguwar Yahudawa, mai ƙananan gidajen abinci da fitilun kyandir. Daga nan ku taka zuwa gadar ƙafa ta Bernatek, wadda aka buɗe a 2010, ta kuma yi suna da kwaɗunan da masoya suka riƙa ratayawa a jikin waya, da gumakan 'yan wasan igiya suna lilo a sama. Ni ban damu da rataya kwaɗo ba, nauyi ne kawai ake ɗora wa gada, amma tsayuwa a tsakiyarta bayan faɗuwar rana, kogi na wucewa a ƙasa, ta fi zauren gishiri dacewa da abin da ke aljihunka.

Rana ta huɗu ka bar mata ita. Duk inda ta ce.

Masauki: cikin zagayen Planty ko a Kazimierz, don komai ya zama tafiyar ƙafa. Kada ka kama ɗakin da tagarsa ke kallon dandali ko titin mashaya, domin samarin da ke zuwa shagali daga wasu ƙasashen Turai ba sa barci, musamman Juma'a da Asabar. Ka nemi ɗaki mai kallon tsakar gida. Ka tambaya ko ginin yana da lifta, da yawa tsofaffi ne ba su da ita, kuma hawa na huɗu bayan matakala 800 ba soyayya ba ce.

Lokaci kuwa, Mayu, Yuni ko Satumba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. Disamba tana da kasuwar Kirsimeti a dandali da ƙawa mai yawa, amma kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ga sanyi, ga iskar birnin takan yi nauyi da hayaƙi a hunturu, duk da an hana ƙona kwal da itace a cikinsa tun 2019.

Kuɗin ƙasar zuloti ne, ba yuro ba, ko da yake Polan tana cikin Tarayyar Turai. Kati yana aiki kusan ko'ina. Idan na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi zuloti, canjin bankinka ya fi nata sauƙi. Shagunan canji sunansu kantor, ka duba farashin saye da na sayarwa duka biyu kafin ka miƙa kuɗi, ka guji na filin jirgi. A gidan abinci, idan ka miƙa takardar kuɗi kana cewa "na gode", mai kawo abincin zai iya ɗauka ka bar masa canjin ne, don haka ka riƙe godiyarka sai ya dawo. Yawancin manyan shaguna a rufe suke ranar Lahadi, kada ka bar tsaraba sai ranar. Naman alade yana da yawa a girkinsu, har 'yan ƙulle-ƙullen fulawar nan da suke kira pierogi, ko da na dankali da cuku ne, wani lokaci ana barbaɗa musu soyayyen kitsensa a kai. Idan ba ku ci, ku faɗa tun wajen yin oda.

Idan fasfonku na buƙatar biza, ta Shengen ce, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki da ta dawowa. Ka kama otal da tikitin da za a iya sokewa har sai biza ta fito.

Idan kuma mai ɗakin taka ta kalli bidiyon matakalar ta ce a'a, ba a rasa mafita ba. A Romaniya, kusa da birnin Cluj, akwai mahaƙar Turda, wadda ake shiga ba dole sai da jagora ba, a cikinta akwai lilo mai juyawa da ƙananan kwale-kwale a kan tafkin ƙarƙashin ƙasa, sai dai ta fi sanyi, digiri 10 zuwa 12. Daga Salzburg ta Ostiriya ana zuwa mahaƙan da ake shiga da ɗan jirgin ƙasa, a zame a kan santsin katako daga hawa zuwa hawa. Ko kuma ku tsaya a Krakow ɗin, ku shiga gidan tarihin da ke ƙarƙashin babban dandali, mita kaɗan ne a ƙasa, ana ganin tsoffin tituna da rumfunan kasuwar ƙarnonin baya, kuma duk lokacin da ta so fita ƙofa na nan kusa.